Dawar Baba Arzika

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Wai ni za a tura noma. Ni da na tashi a barikin soja a Kaduna, ban taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Tun da Baba ya yi ritaya ya kwaso mu zuwa Zuru ban ji abin dariya irin wannan ba. Sunan abin golmo: in kana son yarinya sai ka yi ta yi wa ubanta noma shekara da shekaru kamar san huɗa. Yayana Markus wajen Kaka ya girma, shi ya jawo wa kansa wannan wahala a kan Saloma. Saura masa damina ɗaya aka ɗauke shi soja, yanzu yana Borno. Uban Saloma, wani tsoho Baba Arzika, ya ce in gidanmu bai cika masa daminar nan ba, maganar aure ta tashi. Baba ga ciwon gwiwa. Sai kowa ya juyo yana kallona. Duniya ta ci gaba, mu har yau da fartanya ake neman aure. Ƙauyanci!

Asabar, 15 ga Yuni

Na je. Tsohon guntu ne, ba takalmi, haƙoransa ba su fi biyar ba. Ya dubi farin kambas ɗina ya ce, "Wanga shi ne ɗan barikin?" Ya ƙara wata magana da C'lela, abokan Markus da suka zo taya aiki suka kwashe da dariya. Ni yaren namu gaisuwa kawai nake ji, kuma ban ga asarar da na yi ba.

Ya duƙa zai nuna mini yadda ake yi, na ce na sani. Ya ce, "Mi ka sani?" Cire ciyawa har sai an yi digiri? Suka bar ni can gefen rafi ni kaɗai. Kafin rana ta take na share kunya tara fes, ko ɗigon kore ban bari ba. Na yi tafiyata gida ban yi wa kowa sallama ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

Bayan an tashi coci Saloma ta tare ni, idonta jajir. "Ebenezer, dawar ka nome. Duka."

To laifina ne? Ita dawar me ya sa take kama da ciyawa?

Talata, 18 ga Yuni

Tsohon ya aiko wai kada na sake taka masa gona, gidan da bai san dawa ba ba zai ciyar masa da 'ya ba. Kamar 'yar tasa ta gwal ce.

Markus ya kira. Na shirya jin ihu, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Ya ce, "Damina shida, Eben. Duk da hannuna." Da ma zagina ya yi. Na kasa cin tuwo.

Alhamis, 20 ga Yuni

Saloma ta ce ana dasa dawa in an yi ruwa mai ƙarfi. Ilimin ƙauye ke nan. Ba inda za ni.

Asabar, 22 ga Yuni

An kwana ana ruwa. Zaman gidan ne ya ishe ni, shi ya sa na je. Saloma ta nuna mini: ka ciro daga inda ta yi cunkoso, ka datse ganyen, ka huda ƙasa da tsinke, ka danne da diddige. Kambas ɗina ya maƙale a laka na cire na jefar kan dutse. Baba Arzika ya zo ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa yana kallo, bai kore ni ba, bai kuma ce sannu ba. Abin da na lalata cikin awa uku, sai da rana ta kusa faɗuwa na gama mayar da shi. Tafin hannuna duk ya yi bororo.

Laraba, 26 ga Yuni

Na biya ta gonar. Dashen duk sun kwanta, sun yi yaushi. Ai na faɗa aikin banza ne. Ban kira Markus ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Sun tashi. Ba duka ba, amma sun tashi, har da sabon ganye a tsakiya. Tsohon ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya kamar mai duba fareti. Ya jefo mini tasa fartanyar. "Asabar ka taho da wuri. Ka gaya ma yayanka maganatai da Saloma na nan." Na tura wa Markus hoto, ya kira yana dariya kamar wawa.

Har yanzu ƙauyanci ne, ban canja ra'ayi ba. Sai dai ruwa ya zaftare gindin kunya ta bakwai, kuma na ga sawun awaki ta wajen rafi. Ba za ta kai Asabar ba. Litinin in an tashi makaranta zan biya in gyara.