Gasasshiyar hanta

Daren Talata, Maris 1977, unguwar Nombakélé

Likita ya daɗe yana haska idona. Ya ce dundumina ba na rashin abinci ba ne, ƙwayoyin da ke kama haske a can cikin ido ne suke mutuwa, kuma gado ne. Sau biyu na tambaye shi, ko Faransancin ne ban gane ba. Na gane. Haka Baba ya fara, da laluben ƙofa bayan magariba.

Gobe zan tuƙo motar katako daga garin Ntoum, dawowar dare. Anya kuwa?

Wata huɗu ke nan matata Hajara tana gasa mini hanta kullum, wai maganin dundumi. Yau ma ta ajiye a gabana ta ce, "Malam, ai da sauƙi ko?"

Na ce da sauƙi. Na cinye tas.