Motar da Sabi'u ya kai gareji a ɓoye

Daren Laraba, unguwar Dilimi

Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da garinmu Gusau. Jiya ƙanena Sabi'u ya ɗauki motar hayata, ya daki katanga a unguwar Kabong. Don kunya ya kai ta gareji a ɓoye, aka kwance gabanta.

Shekara biyu ina biyan inshora mai tsada. Yau ma'aikaciyar kamfanin inshorar ta ce, "Oga, ba hoto, ba rahoton 'yan sanda, kun riga kun taɓa mota. Me za mu duba?"

Na kasa yi wa Sabi'u faɗa. Ya ce, "Yaya, ban so ranka ya ɓaci ba ne." Ni ma da ni ne, haka zan yi.

Bakanike ya ce gyara zai ci dubu ɗari uku, kuma ba mota ba aiki. Sau biyu na ƙirga abin da na tara don zuwa gida, dubu ɗari da tamanin ne.