Likita Ya Ce Aikin Wuyana Ba Zai Jira Kaka Ba

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. 'Yan uwa, don Allah ku ba ni shawara.

Ranar Larabar da ta wuce ina gona ina kwance wa shanu garma, likitan da ke duba ni a Birnin Kudu ya kira ni. Ya ce ya nuna wa babban likita na Kano hoton wuyana, kuma bakinsu ya zo ɗaya, aiki za a yi min, ba kuma wanda za a ɗaga zuwa bayan kaka ba. Na ce masa to. Na samu bakin gona na zauna, na daɗe ban tashi ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Farin Dutse, shekarata arba'in da ɗaya. Shekara uku ke nan ina fama da wuya. Da farko sanƙarewa ce kawai, na ɗauka ɗaukar buhu ne, wanzami ya yi min ƙaho, na yi shafe-shafe. Daga baya ciwon ya sauko kafaɗa, ya bi hannun dama har 'yan yatsu, kamar ana tsira min allura. Ko sallame salla sai na juya da dukan jikina. Yayana ne ya gaji da gani ya ɗora ni a babur zuwa asibiti. Aka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ne ya zame ya danne jijiya. Aka ba ni magani, aka sa ni zuwa gashin ƙashi. Likita ya ce yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, amma duk ranar da na ga hannu ya fara rasa ƙarfi, ko ƙafa ta fara harɗewa, kada in zauna a gida.

Wata biyu da suka wuce Allah ya yi wa Yaya rasuwa, jinyar kwana huɗu. A maƙabarta ni na shiga kabari don in karɓe shi, ni ne ƙaninsa tilo. Da aka miƙo min kafaɗunsa hannuna ya saki, sai da liman ya yi sauri ya tallafe. Jama'a suka ce zafin rashi ne, aka yi ta ba ni haƙuri, ni kuma na bar su a haka. Na san ba shi ba ne.

Tun daga nan ba na iya sa maɓallin riga, cokali yana faɗuwa daga hannuna, sau biyu silifa ta fice daga ƙafata ina tafiya ban ji ba. Shi ya sa na koma asibiti, aka tura ni Kano aka yi hoton. Likitan bai ɓoye min komai ba. Ya ce yanzu abin ya kai ga lakka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, aikin don a tsayar da ɓarnar ne, abin da ya riga ya lalace ba lallai ya dawo duka ba, kuma aikin kansa yana da haɗarinsa. Bayan an yi, zan yi watanni ba garma ba ɗaukar kaya.

To ni da Yaya gandu ɗaya muke nomawa tun rasuwar mahaifinmu, rumbunmu ɗaya. Yanzu gidansa da nawa duk ni suke kallo, matarsa ko takaba ba ta fita ba, 'ya'yanmu kuma duk ƙanana ne. Huɗar gyaɗa ma ba mu kai rabi ba. Abokai sun ce za su haɗa min gayya, na gode musu, amma kowa yana da tasa gonar a wannan lokaci, kuma gayyar yini ɗaya ba ta riƙe damina.

Sai kuma Inna, mahaifiyarmu. Da na ɗan taɓo mata maganar aiki, ta ce ba ta gama kukan ɗaya ba, ba za ta miƙa ɗayan a yanka masa wuya ba. Na ce ba yanka ba ne irin wanda take tsammani, ta ce ai Yaya da bakinsa ya ce a bari sai an yi girbi, shin maganarsa ta mutu ne tare da shi. Gaskiya ne ya faɗi haka, cewa ko da za a kai ga tiyata a bari sai kaka, amma a lokacin hannuna yana riƙe fartanya. Ban taɓa musu da ita ba, kuma maganar ƙafar na ɓoye mata.

Na gaji. Don Allah likitocin da ke cikin wannan zaure, da waɗanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki, ku faɗa min gaskiya, jiran wata huɗu zai iya sa in rasa ƙafafuna? In tafi yanzu in bar gonar gida biyu a hannun Allah da na jama'a, ko in daure zuwa kaka? Malamai kuma, idan na tafi ba da yardar Inna ba, na saɓa mata ne?

Jibi ne likita ya ce in ba shi amsa, har yanzu ban samu bakin sake yi wa Inna maganar ba.