Gilas Mai Zafi

Yaya Ɗantsoho,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Iya da Safinatu da yara. Yaya ƙafar Iya?

Ni ma lafiya lau a nan Legas, ina ta koyon sana'ar da ka matsa mini in zo in koya. Ana gasa bututun gilas a wuta, a tanƙwara shi ya zama harafi, ana hura iska ciki don kada ya lotse. Da shi ake yin fitilun sunayen shaguna. Yatsuna duk sun sale, amma kada Iya ta ji. A aiko mini da man kaɗanya. Maigidana ya ce gilas mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya, sai ka taɓa za ka sani.

Wani direban Maigatari ya gaya mini riɗi ya yi kyau a Ɗanzomo, kuma ka tumɓuke shingen gamba, ka haɗe gonata da taka. Ashe kulawar da ka yi mini alkawari ke nan.

Allah ya sa albarka. Kai ma, Yaya, yanzu na taɓa ka.

Ƙaninka,
Zayyad