Daddawa a Obin ɗin Gwamnati

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A sakaya sunana, masu wa'azi kuma su adana tawadarsu. Na riga su zagin kaina, da nahawu mai kyau kuwa.

Ni malamar girki ce a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Kazaure. A bana, da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta aiko mana da obin, murhun gasa burodi mai aiki da gas, cikinsa fari fes. Shugabarmu, wadda ban taɓa ganin ta dafa ko ruwan zafi ba, ta hana a kunna shi sai ranar zuwan sufeton makarantu. Makulli yana hannuna. Da damina ta hana daddawar da gyatumata ta aiko min daga Roni bushewa, sai na zuba ta ciki na kunna. Ta ƙone ta manne, wari har ofis. Ni da nake rubuta wa yara a allo cewa ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi kaɗai ake sa wa obin, me na ɗauko? Toka da yashi, kamar gindin tukunya! Na dirje har fentin ya tashi, kafin mako tsatsa ta cinye ko'ina.

Shugaba ta buɗe, ta yi salati, ta ce, "Wannan aikin jahili ne." Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa aka kira Iya Talatu, tsohuwar da ke dafa wa ɗalibai, mai riƙon jikoki marayu uku. "Iya, ke ce?" Iya ta dubi faratana da dirzar yashi ta cinye, ta ce, "Ranki ya daɗe, ni dai yashi na sani." Shi ke nan, aka ce ta tattara nata-ya-nata ƙarshen wata.

Na tsani Shugaba da hukuncinta na minti ɗaya, amma wallahi Iya ta fi ƙona min rai. Kullum sai ta tsaya bakin ajina: "Malama, an tashi lafiya? Ya hannu?" Wa ya roƙe ta ta rufa min asiri? Da ta tona, ai da na yi musu na huta.

In na buɗe baki, an ɓata min takarda, yaran da nake zabge wa maki kan ƙazanta su sa ni a waƙa. In na yi shiru, tsohuwa ta koma garinsu Gwiwa da marayu, ba aiki. Saura kwana tara wata ya ƙare, kuma ban ɓoye muku ba, har yanzu kujerata na fi so. Me zan yi?