Hasken Da Ya Cinye Hoton Inna

Hajiya Raliya, don Allah ki taimake ni da amsa kafin Asabar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na rubuto miki ban je wurin kowa ba.

Mijina, bari in kira shi Kamilu, ma'aikacin gwamnati ne a nan Gusau. Marigayi mahaifinsa mai hoto ne tun zamanin da, yana bin kasuwannin Tsafe da Bungudu da wata kyamarar katako mai ƙafa uku, mai wuya kamar zugazugin maƙeri. A kan gilashi take ɗaukar hoto, gilashin kuwa an daina samunsa tun ba a haife ni ba. Da aka raba gado babu wanda ya kalle ta sai Kamilu. Ya ce zai gyara ta ta riƙa cin fim, irin falle-fallen nan na hoton ƙashi da ake amfani da su a asibiti. Wata takwas yana abu ɗaya. Ya yanka fim daidai girman gilashin, ya sassaƙa siririn katako ya tokare bayansa don ya zauna inda gilashi ke zama, ya liƙe kowane tsagi da baƙin ƙyalle. Ƙyallen ma daga abayata ya yanka, wai ai ta tsufa. Ya ƙwace min sito, ya toshe tagarsa ya mai da shi ɗakin duhu, buhunana suka dawo falo. In na yi magana ya ce in yi haƙuri. Haƙuri, haƙuri, sai ka ce ni kaɗai aka haifa da shi!

Ranar da ƙannensa mata suka zo, na ɗaga wani kwali a siton zan share ƙarƙashinsa. Ya daka min tsawa a gabansu, wai in haske ya taɓa abin da ke ciki ya ƙone, wai ni ban san komai ba sai tukunya. Suka ƙyalƙyale da dariya. Ina da difloma fa, Hajiya. Washegari da ya tafi ofis na ɗauko kwalin na fito tsakar gida da azahar, na zaro fallayen ɗaya bayan ɗaya na nuna wa rana, na mayar na rufe yadda na same shi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har raina.

Ni a zatona hotunan dutsen Kwatarkwashi ne da yake ta gwaji da su. Ashe Inna ce, mahaifiyarsa. Matar da ko waya ka ɗaga sai ta ja mayafi ta rufe fuska, a duniya babu hotonta ko guda. Da ya kai mata kyamarar can garinsu 'Yankuzo, kusa da Tsafe, ta gane kayan mijinta, ta shafa, ta yarda ta zauna masa har sau huɗu. Ya ɓoye wa kowa, yana jiran ruwan wankin hoto daga Kano don ya yi wa 'yan'uwansa ba-zata. Kafin ruwan ya iso Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Bayan sadakar bakwai ya gaya wa 'yan'uwansa akwai hoton Inna. Suka cika gidan, har wansa Yaya Attahiru daga Bungudu. Ya shiga sito ya wanke, ya fito da fallaye huɗu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yaya ya ce ya lalata kayan ubansu da ƙwaƙule-ƙwaƙulensa, ya shanya tsohuwa a rana a banza. Ƙannen da suka yi min dariya suka koma kansa, suka laƙaba masa Mai Hoton Duhu. Ni ma na kira shi da sunan har sau biyu, don kada a gane ni.

Tun daga nan abinci ma sai ya taɓa ya ture. Kullum yana sito, ya zura tocila cikin kyamarar yana neman inda haske ya shiga. Ya ɗauki hoton akuyata ya fito, ya ɗauki na katanga ya fito tar, sai abin ya ƙara rikita shi. Ya tambaye ni ko jijjigar mota a hanyar Tsafe ce ta buɗe wani tsagi, na ce ai kuwa ba mamaki. Asabar ɗin nan zai kai kyamarar Bungudu ya miƙa wa Yaya, ya durƙusa ya roƙi gafarar kowa. In ya rabu da ita maganar ta mutu, sitona ma ya dawo. Ko dai in bar kaza cikin gashinta? Shi ma ai ya ci min fuska.

Wadda ta buɗe kwali, Gusau

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau uku, kuma har a layukan ƙarshe sitonki kike tunawa.

Kamilu ya yi miki ba daidai ba. Ba a yanka tufar mace ba da izininta ba, ba a kuma yi mata tsawa a gaban dangin miji. Kina da haƙƙi a nan, ba zan tauye miki shi ba. Na kuma yarda ba ki san Inna ce a kwalin ba. Wannan fushi ne na kwana ɗaya, mutum kan yi shi ya yi nadama. Abin da ya biyo baya shi ne ba shi da wani suna sai mugunta. Mutumin da ya binne uwarsa yana haska tocila yana neman laifin kansa, amsar tana bakinki, kika ce masa hanyar Tsafe ce. Har kika taya su kiransa da sunan da ke ƙona shi.

Kada ki bari ya durƙusa a Bungudu a kan laifin da bai yi ba. Ki gaya masa tun yau, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. In kina tsoro, ki gayyato wani babba daga gidanku wanda yake jin kunyarsa. Kada kalmar amma ta fito daga bakinki. Maganar abaya da tsawa tana da ranarta, ba wannan ba ce. Shi zai zaɓa ko Yaya Attahiru ya ji, in ya ce ki bi shi Bungudu ki faɗa da bakinki, ki ɗauki mayafinki ki bi shi. Ba zan yi miki alkawarin ba zai ce ki tafi gida ba. Yana iya cewa, kuma babu mai ganin laifinsa.

Fuskar Inna ta tafi, babu ruwan wankin da zai dawo da ita, sai addu'a da sadaka. Amma kina riƙe da abin da babu mai iya ba shi sai ke: aikinsa na wata takwas bai yi kuskure ba, Inna ta shiga kyamarar nan lafiya lau. Da wannan za ki fara. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya zuciyar ɗanta, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki kamar yadda kika samu ƙarfin buɗe kwali.

Hajiya Raliya