Kamazurun da Na Wanke da Sabulu

Zuwa ga Gwaggo Hajjo,

Duk matar da ke karanta wannan, ina gargaɗinta: kada ta taɓa kayan doki in ba ta san kansu ba. Ke kuma Gwaggo, ki taimake ni, yau kwana tara ɗana ba ya gida.

Ni mace ce mai tsanani, ba na ɓoyewa. A makarantar 'yan mata aka koya mana tsabta, kuma ƙazanta ba ta kwana a gidana. Maigidana dillalin shanu ne, yana da doki wanda ɗanmu na biyu, Junaidu, ke hawa zuwa kara, wato kasuwar shanu, kuma shi Junaidun ke kula da kayan dokin. Ran nan na ga kamazurun linzami rataye kusa da turke, ya yi baƙi da maiƙo. Na ce sakacin samarin yanzu ne, masu zancen mulkin kai alhali ko igiya ba su iya wankewa. Na dirje shi da sabulu, na shanya a rana har la'asar. Sau uku ina yin haka, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Juma'a wata babbar mota ta firgita dokin. Junaidu ya ja, kamazuru ya tsinke. Ya faɗo, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, dokin ya ja shi a tsakuwa har fatar bayansa ta saluɓe. Da aka kawo shi, uban ya murza fatar kamazurun, ta karye kamar busasshen kara. Ya ce sakacin Junaidu ne, ya ninka guntun ya hau dukansa a kan raunukan, jini har bango, sai da maƙwabta suka riƙe shi. Ina tsaye, ban buɗe baki ba. Da Junaidu ya iya miƙewa ya tafi Dundaye wurin kawunsa, ya aiko cewa ba ya dawowa.

Uban bai san ni na wanke kamazurun ba har yau. Yaya zan yi?

Uwa Mai Nadama, Sakkwato

Amsa:

Ƙanwata, maiƙon da kika wanke shi ne ran fatar. Man shanu ake shafa wa kamazuru, a rataye shi a inuwa, a duba ɗinkinsa kafin hawa, in ya tsage a kai wa baduku. Wankin rashin sani ne, niyyarki tsabta ce. Shirun kuwa laifi ne, kuma naki ne.

Maigidanki ma bai kyauta ba. Mai rauni magani ake yi masa, tambaya ta biyo baya.

Ki gaya masa yau. In kina tsoron hannunsa, ki faɗa a gaban yayansa ko limami. Sannan ku tafi Dundaye ku biyu, kada ku aika kowa. Ki nemi gafarar ɗanki da bakinki, girmanki ba zai ragu ba.

Allah ya ba Junaidu lafiya, ya maido shi. Tun da ke mai kafa doka ce, ga wadda za ki kafa: kamazuru na doki ne, ba a sake ɗaga shi a kan mutum a gidanki.

Gwaggo Hajjo